Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ta San Uwar Kowace Saniya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta huce ba kuma ba ta da niyyar hucewa nan kusa, ni Juwairiya Muhammad Sani, mai kula da rajistar shanu a ofishin Ƙungiyar Makiyaya da Manoma ta Bakin Rafi da ke Shabu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da makiyayan Shabu da na Ashige, da duk wanda ya taɓa zama a bencin ofishinmu yana jiran kati, rasuwar abokiyar aikina, kwamfutar ƙungiya, wadda kowa ya sani da suna Gwaggo. Ta rasu ranar Laraba, sha uku ga watan Mayu na shekarar 2009, a wani shagon gyara cikin garin Lafiya, tana da shekara huɗu a hannunmu, ban da waɗanda ta yi a ƙasar Turawa kafin a kawo ta gwanjo. Ba ciwo ne ya ɗauke ta ba. Kashe ta aka yi, kuma zan faɗi sunan wanda ya sa aka kashe ta kafin in kai ƙarshen takardar nan, don haka wanda ya san da hannunsa a ciki ya gyara zama.

Na je wajen limamin unguwarmu da maganar. Ya ce ƙarfe ba shi da rai, ba a yi masa salla, ba a yi masa zaman makoki. Na yarda, malam ya fi ni sani, ba kuwa za a yi mata salla ba. Amma bai hana a faɗi alherinta ba, bai kuma hana a faɗi sunan azzalumi ba, to waɗannan biyun su zan yi.

Marigayiya ta iso Shabu a daminar 2005, a bayan acaba, naɗe cikin bargo, ni na rungume ta tun daga tashar mota har ƙofar ofis. Fara ce da farin ya fara komawa ruwan ƙasa, da allon kallo mai ƙatuwar ƙeya wanda shi kaɗai ya cinye rabin tebur. Wadda ta samo mana ita ita ce Madam Rosaline, malamar kwamfuta a wata makaranta a nan Shabu, mace mai son karance-karance har kan acaba. Ita ta zo mana da labarin cewa akwai masana da suka gaji da yanar gizon da shafuka ne zalla, shafi yana nuna shafi, inji bai san abin da ke cikinsu ba. Abin da suke so shi ne a ba kowane abu a duniya adireshinsa guda ɗaya da ba ya canzawa, mutum ne, gari ne ko saniya ce. Sannan duk maganar da za a faɗa a kansa a kasa ta uku: abin, da alaƙarsa, da wanda alaƙar ta kai gare shi. Lamba 88, ɗan, lamba 12. Lamba 12, mallakar, wance. In aka yi haka, bayanin da aka rubuta a Shabu zai kama hannun wanda aka rubuta a Makurɗi, ko da masu rubutun ba su taɓa ganin juna ba, muddin lamba ɗaya suke kira.

Ni dai a ranar ban gane komai ba, na zuba mata ido. Sai ta buga tebur ta ce, "Juwairiya, no bi majik. Ka ba kowane saniya lamba ɗaya, ka gaya ma injin wanene mamanshi, shi ke nan. Sauran aiki nashi ne." Haka muka fara, da 'yan kunne rawaya masu lamba da muke maƙala wa shanu, da ni da na saba buga wasiƙun neman aiki a bizines senta.

Wadda ta yi wa marigayiya tarbiyya ta gaskiya kuwa ba Madam ba ce, ba ni ba ce. Dada ce, matar Ibrahima makiyayi, tsohuwar nan siririya mai tallan nono a mahaɗar hanya, wadda rugarsu ke bayan rafi. Ranar da na karanta mata abin da muka shigar na garkensu, saniyar Ibrahima, saniyar Ibrahima, har sau talatin, sai ta ajiye ƙwaryarta ta ce, "'Yata, injin nan naki yaro ne. A garken nan akwai nawa da ubana ya ba ni, akwai na aro, akwai na mutanen gari da suka kawo kiwo. Sanda ɗaya ke kora su, amma ba mai su ɗaya ba." Madam Rosaline ta kwashe takardunta ta tafi. Bayan mako guda ta dawo ta raba alaƙar biyu: akwai "tana hannun wane", akwai "mallakar wane", kuma ba a yarda a shigar da saniya ba sai an cike duka biyun. Dada ta kuma sa aka rubuta dokar da kowane ɗan ruga ya sani tun yana goye, cewa maraƙi na mai saniya ne, ba na mai bijimi ba. Ku riƙe wannan maganar, za ku neme ta a gaba.

Sunan Gwaggo makiyaya ne suka sa mata. A kowane dangi akwai gwaggon nan da ba ta mantuwa, wadda in ka tsaya a gabanta za ta faɗa maka wa ya haife ka, wa ya haifi wanda ya haife ka, da wanda ya ci amanar wa a shekarar fari. Tamu haka take, sai dai ita ba ta ƙari.

Ina shaida a gaban kowa cewa marigayiya mai haƙuri ce. In na danna mata maɓalli da safe sai ta ce ɗiit, sau ɗaya, a hankali, irin sallamar mai kunya. In na jefa mata tambaya mai nauyi sai ta ce kirr, kat-kat-kat, ta yi tunaninta, ba ta taɓa amsawa don a ce ta amsa ba. An ɗauke mata wuta tana tsakiyar magana ya fi sau dubu, ba ta taɓa riƙe kowa a zuci ba, wuta na dawowa za ta ce ɗiit ta ɗora daga inda muka tsaya. Ta kan kuma gano abin da ba wanda ya gaya mata. Ka ce mata wannan 'yar waccan ce, wani ya zo bayan shekara ya ce waccan 'yar wata ce, ita da kanta za ta haɗa ta ce to ai wannan jika ce. Da haka ta hana wani ardo sayen bijimi a kasuwa, don ta gano uwarsu ɗaya da rabin shanun da zai hau. Ƙarya ce kawai ba ta ɗauka. Wani ya taɓa zuwa yana so in rubuta wa maraƙi uwa ta biyu, ta ce tit-tit-tit, ta ƙi, na juya masa allon na ce ka ji da kunnenka.

A tambayi Iorhemba, manomin doya na hanyar Ashige. Ya sayi san noma a wajen Dada, lamba 88, wata rana 'yan sintiri suka tare shi suka ce ina ya samu sa mai tsagar ruga a kunne. Da igiya a hannunsu suka kawo shi ofis. Gwaggo ta ce kirr, kat-kat, ta zayyano: lamba 88 ɗan lamba 12 ne, lamba 12 mallakar Dada ce, lamba 88 ya koma mallakar Iorhemba ranar kaza, a gaban shaidu wane da wane. Aka kwance shi, aka ba shi haƙuri. Yana fita ya waiwayo ya ce, "Malama, wannan Gwaggo ya san sa na pas ni, ya fi ni saninsa." Tun daga shekarar, duk kaka sai ya kawo mata doya biyar ya jera a gindin tebur. Ni nake ci a madadinta, ba ta taɓa yi mini gori ba.

Aibinta ɗaya, ba ta son zafi. In bazara ta kama sai fankar cikinta ta riƙa fuuu, fuuu, tana jan jiki wajen buɗe fayil. Abin da ke damunta ke nan a watan Mayun nan, kuma kowace shekara haka take yi. In cire murfi, in busa mata ƙura, in juya mata fankar ofis ni in zauna cikin gumi, ta warware. Ba a mutuwa da wannan ciwon.

Yanzu ga yadda aka yi.

A watan Fabrairu Allah Ya yi wa Ibrahima rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Bai bar ɗa namiji ba, 'ya'yansa mata suna aure can nesa. A garkensa akwai shanun kiwo na Alhaji Kalilu, uban ƙungiyarmu, mai shagon siminti a Lafiya, wanda rugar su Dada ke zaune a gefen gonarsa. Alhaji Kalilu ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kawu nake ce masa, ya ɗauke ni a kafaɗa ina yarinya, na kuma san Innarmu za ta yi kuka in aka karanta mata takardar nan. Inna ki yafe mini, amma ba ni na fara ba.

Ranar sadakar uku Kawu ya je gaisuwa, ya karɓi jakar fatar Ibrahima wai zai adana wa iyali. A jakar ne katunan shanun gidan suke, don duk saniyar da muka shigar sai mun buga wa mai ita kati. Bayan arba'in ya dawo da mutane da igiyoyi ya ce ya zo kwasar dukiyarsa. Ya ware shanunsa huɗu, ba wanda ya hana shi. Sai ya ƙara nuna bakwai, dukkansu mata, huɗu a ciki ana tatsa, ya ce su ma nasa ne, shanunsa ne suka haife su a hannun Ibrahima. Waɗannan bakwai 'ya'ya ne da jikokin Wule, lamba 12, wadda ta mutu bara da rani, ita kuwa Wule daga tsatson saniyar da mahaifin Dada ya ba ta ranar da aka kai ta ɗaki ta fito. Su ne abincin Dada, su ne suturarta, ba ta da komai a duniya bayansu. Da aka nemi katuna, Kawu ya ce ya buɗe jaka bai ga komai ba sai carbi da maganin sauro.

Maƙwabtan ruga sun san gaskiya sarai. Amma a ƙasar Alhaji bukkokinsu suke, shi ke tsaya musu in an kama shanunsu a gona, kowa ya sunkuyar da kai yana duban sandarsa. Dattawan ƙungiya suka ce a ɗaure shanun bakwai a harabar ofis, a zauna ranar Asabar sha shida ga wata, a tambayi Gwaggo, abin da ta faɗa shi ke nan. Kawu ya yi murmushi ya ce ya yarda. Na ga murmushin, ban karanta shi ba, wannan wautata ce.

Ranar Talata na tafi Keffi sunan ɗiyar ƙanwata. Ranar Laraba da hantsi Kawu ya zo ofis da motarsa, ya ce wa maigadi ya ji an ce Gwaggo ba ta da lafiya, bai kamata a shiga zama babba da inji mai tari ba, shi zai kai ta sabis da kuɗin aljihunsa. Wa zai hana uban ƙungiya? Aka ɗauke ta ba bargo, aka jefa ta bayan mota tare da buhunan siminti, aka kai ta shagon Izzuddeen, wanda ya rubuta injiniya a allon shagonsa da hannunsa. Mutum ne mai gemu da 'ya'ya biyar, kada wani ya ce mini yarinta ce. Magani ɗaya ya sani a duniya, fomat, wato a goge duk abin da ke cikin inji. Kwamfuta ta yi tari, fomat. Linzami ya ƙi motsi, fomat. Na tabbata in matarsa ta yi ciwon kai sai ya duba ta ina ake yi mata fomat.

Ranar Alhamis na dawo na tarar da ita a kan tebur an goge mata jiki tana ƙyalli. Na danna maɓalli. Ba ta ce ɗiit ba. Wani kiɗa ta yi, tan-taran-tan, muryar da ban taɓa ji ba, ta buɗe ido ta dube ni ba ta san ni ba. Shanu dubu ɗaya da ɗari uku da sittin, da iyayensu, da masu su, da masu kiwonsu, aikin shekara huɗu, babu ko ɗaya. A wurinsu an cika ta maƙil da finafinan Indiya da waƙoƙi da wasan karta. Na hau acaba ko mayafi ban gyara ba na tafi shagon. Izzuddeen ya tarbe ni da fara'a ya ce, "Anti, bayros ne ya cika shi, na wanke shi tas. Har fim na sa miki, jara, kyauta ne." Na ce ina filashin da ke cikin durowa, wanda nake kwafe komai a kai duk Juma'a? Ya ce Alhaji ya kawo shi tare, ya ce shi ma a wanke, kada ya sake harba mata cuta. Na riƙe wuyan rigarsa a gaban masu sayen katin waya, ban saki ba sai da ya faɗa da bakinsa cewa Alhaji ya ce a goge komai kada a bar ko alif, ya kuma tsaya a kansa har aka gama, ya tambaya sau biyu ko akwai yadda za a dawo da shi.

Madam Rosaline ta kwana biyu tana fama da faifan cikinta. Ta ce da fomat ne kawai da akwai fata, amma finafinan da aka danƙara a kai sun taka komai. Ta cire tabarau ta ce, "E don go, Juwairiya, ya tafi." A nan na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Wanda ya ce mini ai tana da rai tunda in an kunna ta tana kamawa, ya je ya tambaye ta wace ce uwar lamba 88, in ta amsa masa ya dawo mu yi magana.

Nawa laifin ba zan ɓoye ba. Madam ta sha ce mini kada in ajiye filashi ɗaki ɗaya da kwamfuta, ta sha ce mini in je kafe in ɗora komai a yanar gizo. Na je sau uku, layi yana tafiyar hawainiya, ana kaiwa rabi a ɗauke wuta, na yi fushi na bari. Wannan zai bi ni har kabari. Amma wanda ya manta bai kulle ƙofa ba daban, wanda ya shiga ya yi yanka daban.

Ranar Asabar Kawu ya zo zama da babbar riga, ya yi jimami ya ce kaico, inji ba shi da tabbas, tunda shaida ta ɓace sai a ba shi shanunsa. Na roƙi dattawa mako ɗaya, suka ba ni, zuwa Asabar ashirin da uku ga wata. In ranar ta wuce ba hujja, shanun Dada sun zama nasa, na kuma ji ya riga ya yi magana da mai tirelar da za ta kai su Kudu ranar Litinin. Dada tana zuwa kullum da safe ta tsaya bakin waya tana kiran su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, suna amsa mata, ba ta da izinin taɓa nonon ko ɗaya. Ba ta taɓa ce mini ina Gwaggo ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban yafe ba. Izzuddeen, Allah Ya isa tsakanina da kai, kuma ina roƙon jama'ar Lafiya kada wanda ya sake kai maka ko tocila. Kawu, Allah Ya sa duk lambar da ke cikin wayarka ta goge ranar da motarka ta mutu a tsakiyar daji, ka tsaya kana duban allo fari fat, ka ɗanɗana abin da na ɗanɗana ranar Alhamis. Wannan somin taɓi ne.

Marigayiya ta rasu ta bar allon kallo mai ƙeya, wanda tun ranar yake duban bango. Ta bar madannai da harafin A ya goge saboda yawan rubuta alaƙa, da linzami mai ƙwallo wanda sai an cire an goge da bakin zani, da firinta, ƙanwarta mai yawan surutu, wadda ba ta sake cewa tsiii-tsiii ba. Ta bar ni. Ta bar Dada da shanu bakwai ɗaure a harabar ofis.

Ta kuma bar 'ya'ya, kuma a nan ne Kawu ya yi kuskuren lissafi. Shi a tunaninsa Gwaggo littafi ce, ka ƙona littafi magana ta ƙare. Bai taɓa zama ya ji yadda aka gina ta ba, in Madam ta fara bayani sai ya duba agogo. Ita alaƙa bakinta biyu ne, Kawu. Ba a rubuta ɗa sai an ambaci uwa, ba a rubuta saye sai an ambaci wanda ya sayar. Ka ɗauke katunan Dada, sannu da aiki. Amma katin Iorhemba yana cikin Baibul ɗinsa, a jikinsa an rubuta lamba 88 ɗan lamba 12 ne, lamba 12 mallakar Dada ce. Masu bijiman da suka hau Wule da 'ya'yanta suna da nasu katunan, kowanne ya faɗi abin da bijiminsa ya haifa da wace saniya. Matan ruga uku da Dada ta ba aron karsana suna da nasu a ƙasan akwati. Dakta Aper, likitan dabbobin da ke zuwa mana rigakafi daga Makurɗi, da lambobinmu yake aiki a tasa kwamfutar, duk maraƙin da ya yi wa allura sai ya rubuta lambar uwarsa. Na yi masa waya, ya bugo takardun, suna hanya. Kati dubu da ɗari uku da sittin Gwaggo ta haifa, suna warwatse daga Shabu har Ashige, a cikin ƙwarya, a aljihun riga, a ƙarƙashin katifa, kowanne yana riƙe da hannun ɗan uwansa.

Akwai kuma autanta, wanda na fi so a san da zamansa. A watan Disambar bara Kawu ya ɗauki nauyin buga kalandar ƙungiya, da sharaɗin hotonsa ne zai cika ta. Ya zo ofis ya ce in buga masa jerin shanunsa da manyan haruffa, zai riƙe a hoton, don a san shi ma mai garke ne ba mai siminti kaɗai ba. Na buga, layi huɗu suka fito. Ya ɓata rai ya ce, "Juwairiya, wannan ai takarda ce fanko, ƙara wani abu mana ta cika." Na ce Kawu ba zan iya ƙara maka saniya ba, Gwaggo ba za ta karɓa ba, amma zan iya fito da duk abin da ta sani a kan kowacce. Ya ce yauwa, yi hakan. Sai ta jero wa kowace lamba launinta, da wanda take hannunsa, da mai ita, da jinsinta, takarda ta cika har ƙasa, ta rufe da jimla da kwanan wata kamar yadda ta saba. Kawu ya ji daɗi, ya sa aka yi mata leda, ya cire tabaransa don hoto ya yi kyau, ya riƙe ta a ƙirji yana murmushi. Kalanda ɗari biyar aka buga, shi da kansa ya raba, har masallaci da coci da shagon mai shayi.

Duk mai kalandar nan a bangonsa ya tashi yanzu ya matsa kusa, ya duba abin da ke ƙirjin Alhaji. Lamba 201, namiji. Lamba 202, namiji. Lamba 203, namiji. Lamba 204, namiji. Jimlar abin da Alhaji Kalilu ya mallaka, huɗu. Wata biyu ke nan kafin rasuwar Ibrahima, alhali ƙaramar cikin shanun nan bakwai shekararta uku. In Kawu yana da ƙarfi ya ɗauki Izzuddeen a mota su bi gida ɗari biyar su yi wa bango fomat. Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, shi kuwa nasa har hoto ya ɗauka a bakinsa.

Ga yadda za a yi jana'iza. Za a taru ranar Asabar, ashirin da uku ga watan Mayu, da ƙarfe tara na safe, a gindin mangwaron da ke harabar ofishin ƙungiya a Shabu, awa ɗaya kafin zaman dattawa. Faifan cikinta kaɗai za a binne, naɗe cikin bargon da ta zo da shi, finafinan Indiya da komai. Gangar jikin za a sa mata sabon faifai, a kira ta Mai Sunan Gwaggo, ta fara koyo daga lamba ɗaya. Ba a buƙatar goro, ba a buƙatar kuɗin gaisuwa, ba a son kuka. Kowa ya zo da katinsa. Za a maƙala su a bangon ofis, Madam Rosaline ta sayo zaren saƙa ja, za mu ja zare daga kowane ɗa zuwa uwarsa, daga kowace uwa zuwa mai ita, a idon jama'a, har mu ga inda zaren shanu bakwai zai tsaya. Wanda ba shi da kati ya zo da kalanda. Maƙwabtan ruga da ke tsoron magana ba a ce su buɗe baki ba, su miƙo kati kawai su koma su zauna.

Izzuddeen ne zai haƙa ramin, tunda shi ya fara aikin. An tanadar wa Alhaji Kalilu kujera mai hannu a sahun gaba, a inuwa, kusa da shanun, ana kuma roƙonsa ya zo da tabaransa wannan karon. Ba za a zage shi ba, kawuna ne. Bayan an rufe rami, ni da kaina zan durƙusa a gabansa yadda aka koya mini, in miƙa masa kalandarsa, in roƙe shi ya nuna wa dattawa, cikin bijiman nan nasa huɗu, wanne ne ya yi naƙuda.

Dada kuma ta zo da ƙwaryar tatsarta, a wanke.